Dukiyar da Muke Cinna wa Wuta: Sharhi kan Dusar Katako da Ƙwayoyin da Ke Narka Ta

Jama'a masu sauraro, na Agege da Mile 12, na Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, da ma waɗanda ke kama mu daga nesa.  Sharhinmu na yau a kan itace yake, musamman wani ɓangare na jikin itace da muke ƙonawa safe da yamma, alhali a wasu ƙasashe masana sun duƙufa suna neman yadda za su mai da shi magani da zare da ƙamshin abinci. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, domin maganar ta shafi mai tsire, ta shafi dillalin shanu, ta shafi yaron da ke tura baron rake, kuma ta fi shafar ɗalibin da ke aji uku na babbar sakandare yana tunanin abin da zai karanta.

Shekara da shekaru, duk wanda ya hau gadar Third Mainland ya waiwaya ɓangaren Ebute Metta yakan hangi gumaguman itace jere a kan ruwa, an ɗaure su da juna, an jawo su ta lagun daga dazuzzukan Ondo da Edo da Delta. Nan ne Oko Baba, matattarar masu yanka katako da ta yi suna a duk Afirka ta Yamma. Bayan gumaguman kuma sai tsibin dusar katako, tudu bayan tudu, hayaƙi na tashi daga cikinta ba dare ba rana. Gobara ta sha cinye wurin. Gwamnatin Jihar Legas ta gina sabon matsuguni a Agbowa-Ikosi, wanda ta sa wa suna Timberville, domin a mayar da masu sana'ar can. To amma ko ina aka kai injin, zarto zai ci gaba da zubar da dusa, domin sau da yawa kusan rabin gungume ne kaɗai ke fita a matsayin katako, sauran ɓawo ne da gefe-gefe da gari. Masu kiwon kaji na ɗibar wani abu su shimfiɗa wa kaji, masu murhun dusa na ɗibar kaɗan, ragowar kuwa wuta ce ko ruwan lagun. Haka abin yake a ƙananan wuraren yankan katako da ke warwatse a cikin unguwanninmu.

Me ke cikin wannan dusa? Jikin kowane itace, da karan dawa, da buntun shinkafa, da tuƙar rake, abubuwa uku ne suka haɗa shi. Biyu daga ciki dangin sukari ne, babban cikinsu shi ne selulos, wanda da shi ake yin takarda, kuma shi ne kusan dukkan jikin auduga. Na ukun shi ne liginin. Shi ne ke riƙe da sauran, shi ke ba itace tauri har kuka da maɗaci su tsaya da ƙafarsu, shi ke hana ruwa tsiyayewa daga jijiyoyin da ke kai shi ganye, kuma shi ke kare itace daga ruɓewa. Yakan kai kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na nauyin busasshen tsiro. In ka cire selulos, babu wani abu da tsirrai ke samarwa a bayan ƙasa da ya kai shi yawa.

Kada sunan ya tsorata kowa, domin kun daɗe da sanin abin. Malam mai tsire, wannan ƙamshin hayaƙi da ke kama nama a bakin wuta, wanda ke sa mai wucewa ya tsaya ya laluba aljihu, daga liginin ɗin itacen yake fitowa idan zafi ya farfasa shi. Shi ya sa naman da aka gasa a kan gas ba ya yin wannan ƙamshi, kuma shi ya sa bandar kifi ta bambanta da kifin da aka shanya a rana. Alhaji na kara, kai da ke sauke shanu a mayankar Oko-Oba, ka san ɗanyar ciyawar farkon damina tana sa saniya ƙiba, amma busasshen kara na tsakiyar rani sai dai ya cika mata ciki. Dalili shi ne, tsiro na tsufa liginin na ƙaruwa, yana kulle abincin da ke ciki yadda tumbin saniya ba zai iya kaiwa gare shi ba. Wanda kuma ya taɓa ajiye tsohuwar jarida ya ga ta rine ta yi ruwan ƙasa, shi ma aikin liginin ya gani.

Ga inda wahalar take. Selulos kamar carbi yake, ƙwaya iri ɗaya jere a zare ɗaya, in ka san yadda ake cire ta farko ka san yadda ake cire ta ƙarshe. Liginin kuwa carbi ne da aka tsinka iri uku aka cakuɗa, aka ƙulla su ta kowace fuska ba bisa wani tsari ba, har ƙullin wannan bishiya ya saɓa da na waccan. In ka farfasa shi da zafi ko da sinadari, abin da za ka samu tarkace ne na sinadarai iri-iri, kowanne ɗan kaɗan, kuma raba su ya fi sayensu tsada. Wani lokaci ma gutsattsarin sai su sake manne wa juna su zama abin da ya fi na farko tauri. Saboda haka masana'antun takarda na duniya, waɗanda ke fitar da fiye da tan miliyan 50 na liginin kowace shekara, suna ƙona kusan kashi 98 cikin 100 nasa domin su sami tururi da lantarki. Har akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin ma'aikatan wannan fanni, cewa babu abin da ba za a iya yi da liginin ba in ban da kuɗi.

Amma abin da ke jan hankalin masana shi ne siffar waɗannan gutsattsari. Irinsu ɗaya da sinadaran da ake tacewa daga ɗanyen man fetur a yi robobi da fenti da magunguna da turare. Babu wani abu mai sake tsirowa da ke ɗauke da su da yawa kamar liginin. Wato duk ranar da aka cinna wa tsibin dusa wuta, an ƙona abin da matatar mai ke sayarwa da dala.

To wa ya iya kwance wannan ƙulli? Allah cikin ikonsa ya halicci masu kwance shi tun kafin ɗan Adam ya san akwai shi, in ba haka ba da gumagumai sun cika duniya. Na gaba-gaba su ne wasu halittu dangin fumfuna da laimar kwaɗi, waɗanda ke kama mataccen itace su bar shi fari fat, ya yi laushi kana murza shi da yatsa. A 1983 wasu masana biyu a Amurka, Ming Tien da Kent Kirk, suka ware sinadarin da ɗaya daga cikin waɗannan halittu ke fitarwa yana yanka liginin. Mu kuwa a ƙasar Hausa muna da babban misali a bayan gari. Duk wanda ya taɓa ganin an fasa suri zai tuna wasu dunƙule-dunƙule masu huji-huji a can ciki, masu laushi da danshi, da ɗan farin abu a jikinsu. Gona ce. Gara takan kwaso busasshen kara da itace ta tauna, ta jera abin da ta fitar a waɗannan ɗakuna, ta dasa wani nau'in fumfuna a kai, ta riƙe ɗumin ɗakin a wajen digiri 30, fumfunar ta narka abin da ya gagari cikin gara, sannan gara ta dawo ta ci. Masana sun ce a nan Afirka wannan noma na gara ya samo asali. Mu abin da muka fi sani game da ita shi ne tana cin azara da littattafai.

Akwai kuma ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa waɗanda, in fumfuna ta farfasa, su ke bin baya suna cinye gutsattsarin. Su ne asalin labarinmu. An lura cewa waɗannan ƙwayoyi, ko da an ba su gutsattsari iri goma ko ashirin, a cikin jikinsu sukan mai da su duka zuwa abu ɗaya ko biyu kafin su ƙone su su sami ƙarfi. Masana na kiran wannan aiki mazurari, domin abu da yawa ke shiga ta sama, abu ɗaya ya fita ta ƙasa. Sai tunani ya zo: tunda ƙwayar ta iya tattara tarkacen da ya gagari injiniya, me zai hana a tsayar da ita a daidai inda ta haɗa su wuri ɗaya, kafin ta cinye?

Nan ne fasahar sarrafa ƙananan halittu ta shigo. Kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutaccen umarni a cikin ƙwayoyin gadonta, kuma kowane mataki na narka abinci yana da nasa layin umarnin. Masana yanzu suna iya karanta wannan rubutu, su goge layi ɗaya, ko su ɗauko layi daga wata ƙwayar su ƙara. Idan aka goge layin da ke cewa a ci gaba da narka wani sinadari, sai sinadarin ya riƙa taruwa a cikin tankin da ake kiwon ƙwayar, a zo a tace shi. Ba sabon abu ba ne a fannin magani. Tun 1982 ake sayar da insulin da bakteriya ke yi ta wannan hanya, kuma da shi masu ciwon sukari da yawa ke yi wa kansu allura a yau. A 2013 kamfanin Sanofi ya fara yin sinadarin atemisinin na maganin zazzaɓin cizon sauro ta hanyar yis da aka sarrafa, wato ɗan uwan yis ɗin da ke kumbura burodin Agege.

Bari in kawo abin da aka cim ma a kan liginin. A Jami'ar Warwick da ke Ingila, Farfesa Tim Bugg da abokan aikinsa sun ɗauki wata bakteriyar ƙasa mai suna Rhodococcus jostii, suka goge mata umarnin da ke sa ta cinye banilin, wato sinadarin ƙamshin banila da ake sa wa kek da biskit da askirim. Suka ba ta karan alkama. A rahoton da suka fitar a 2013, bayan kwana 6 ta tara miligiram 96 na banilin a kowace lita. A Amurka, a cibiyar binciken makamashi ta ƙasa da ke Jihar Kolorado, ayarin Gregg Beckham ya yi aiki da wata bakteriya mai suna Pseudomonas putida da liginin na karan masara. A 2014 suka nuna tana iya mai da shi wani nau'in roba mai ruɓewa a ƙasa. A 2015 suka sarrafa ta ta riƙa fitar da wani sinadari da ake juyawa ya zama asid ɗin adifik, ɗaya daga cikin abubuwa biyu da ake haɗawa a yi zaren nailan na igiya da kafet da cikin tayar mota. Duniya na yin kusan tan miliyan 3 na wannan asid a shekara, kusan duka daga man fetur. A 2018 ayarin Christoph Wittmann na Jami'ar Saarland a Jamus ya bi hanyar tun daga liginin na itace har ya fitar da nailan ɗin kansa. A Jami'ar Wisconsin kuma, John Ralph da Steven Karlen sun sami lasisin mallakar wata hanya ta yin farasitamol daga wani sinadari da ke maƙale da liginin na wasu itatuwa, kuma bishiyar kwakwar manja, wadda ta cika kudancin ƙasar nan, tana cikin masu ɗauke da shi. Tasu hanyar ta haɗa sinadarai ce, amma tushen ɗaya ne.

Akwai wanda ya fi kusa da mu. A 2023 ayarin Michelle O'Malley na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya nuna cewa wasu fumfuna da ke zaune a cikin tumbin dabbobi masu cin ciyawa suna iya yanka liginin ko babu iska, abin da a da ake ganin ba zai yiwu ba. Ku tuna abin da ake juyewa daga tumbin shanu kowace safiya a Oko-Oba, ruwa ya wanke shi ya bi kwata. Shanunmu, bunaji da rahaji da gudali, sun saba rayuwa a kan busasshen abincin da saniyar Turai ba za ta kai bazara a kansa ba. Ya dace a ce ɗalibanmu ne ke zuwa da kwalabe suna ɗibar samfuri suna bincika abin da ke cikin wannan tumbi.

Yanzu sai in taka burki, domin ba na so wani ya kashe rediyo ya tafi yana cewa an ce dusar katako ta zama zinariya. Ku koma kan lissafin Warwick. Miligiram 96 a lita na nufin sai an yi kiwon ƙwayar a ruwa fiye da lita 10,000 kafin a sami kilo ɗaya. An samu ci gaba sosai tun daga lokacin, amma har yau yawancin wannan aiki yana ɗakin gwaji ne da ƙananan masana'antun gwaji. Gutsattsarin liginin guba ne ga ƙwayoyin kansu in sun yi yawa. Tankunan na buƙatar tsafta ta ƙin ƙari, da ruwa mai kyau, da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma kun san halin da muke ciki a kan wuta. Sannan in farashin ɗanyen mai ya faɗi, kayan da aka yi daga itace sai su kasa gasa. Kamfanin DuPont ya buɗe katafariyar masana'antar yin man itanol daga karan masara a Jihar Ayowa a 2015, ya rufe ta a 2017. Kamfanin Stora Enso ya fara fitar da liginin a masana'antarsa ta Sunila a Finlan a 2015, da niyyar har a yi baƙin garin batir da shi, amma a 2023 aka rufe masana'antar. Waɗannan masu kuɗi ne da ƙwararru, kuma sun sha ƙasa.

Wanda ya daɗe yana cin riba shi ne kamfanin Borregaard na ƙasar Norwe, wanda tun 1962 yake yin banilin daga liginin na itace. Sirrinsa shi ne ba ya zubar da komai daga gungumen. Selulos na da kasuwarsa, sukarin na zama itanol, liginin na zama maganin da ke sa kankare ya yi laushin zubawa, ɗan kaɗan kuma ya zama ƙamshi. A Holan tun 2015 suke gwada shimfiɗa tituna da kwaltar da aka maye wani kaso nata da liginin. Darasin da na ɗauka shi ne, ba da abu mafi tsada ake farawa ba. Ana farawa da abin da kasuwa za ta saya gobe, a hau mataki-mataki.

Na san akwai mai sauraro da ke cewa a ransa, wannan ba taɓa halittar Allah ba ne? Tambaya ce mai nauyi, kuma ban yarda a yi wa mai yin ta kallon jahili ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, babu wanda ya halicci rai a nan. Ƙwaya ce da Allah ya riga ya halitta, ake juya aikinta. Akwai kuma bambanci tsakanin ƙwayar da ke kulle a tankin ƙarfe, wadda ake kashewa in ta gama aiki, da irin shuka da ake kai wa gona, kamar waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019, ko masarar TELA da aka amince da ita a 2024, waɗanda har yau ake muhawara a kansu. Najeriya na da hukumar kula da amincin irin waɗannan fasahohi tun 2015, kuma a 2019 an gyara dokarta ta haɗa da wannan fanni da muke magana a kai. Doka na nan, saura a ga aiki da ita a fili. Hukuncin shari'a kuwa na malamai ne, kuma ina ganin lokaci ya yi da malamanmu na Zango za su gayyato masana kimiyya su zauna tare, a baje abin dalla-dalla, a daina dogaro da saƙonnin WhatsApp da ba a san wanda ya rubuta su ba.

To ina Najeriya a cikin wannan tafiya? A wasu ƙasashe masana'antar takarda ce ke tara liginin wuri ɗaya. Mu mun taɓa mallakar manya guda uku, a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin, kuma duk sun durƙushe, muka koma sayo takarda daga waje. Don haka namu liginin a warwatse yake, yana cikin dusar masu yankan katako, da buntun injinan shinkafa irin na Imota da aka buɗe a 2023, wanda aka gina shi ya casa tan 32 a sa'a guda, alhali kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne. Yana cikin ɓawon kwakwar Badagry, wanda ya fi yawancin itatuwa yawan liginin, da ƙwanson ƙwarar manja, da ɓawon rake da tuƙarsa da ke toshe mana magudanan ruwa.

Sai dai a yi hattara da abu ɗaya. Kada wani ya zo ya ce karan dawa da na gero da harawar da ke gonakin Arewa shara ne. Da su ake ciyar da dabbobi a rani, da su ake danni da girki, tokarsu na shiga miya, abin da ya rage kuma shi ke mayar wa ƙasa ƙarfinta. In aka kwashe su aka loda a tirela, gona da garke ne za su biya. Haka kuma ba za mu yarda a sare daji da sunan ciyar da masana'anta ba. Abin da nake nufi shi ne wanda aka riga aka zubar, ake ƙonawa a banza a tsakiyar mutane. Kuma ƙonawar ba kyauta ba ce. Wani binciken Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a 2018, kashi 60 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Motoci da janareto da masana'antu ne suka fi laifi, amma ƙona shara na cikin lissafin.

Jama'a, ga inda maganar ta zo kanmu. Abin da ya fi karya masana'antun irin wannan a duniya shi ne tattaro kaya: abu ne mai yawa, marar nauyi, a warwatse, kuma dole ya iso kullum a busashe ba tare da an gauraya shi ba. Wa ya fi Bahaushen Legas iya wannan aiki? Fiye da shekara 100 ke nan kakanninmu suka zauna a Agege saboda goro da hanyar jirgin ƙasa, suna tara shi ƙwarya-ƙwarya daga ƙauyuka, su ɗaure huhu su tura Arewa. Jikokinsu ne ke riƙe da shanu da tumatir da albasa. 'Yan jari-bola kuwa, waɗanda ake rainawa, su ne ke tsince ƙarfe da roba gida-gida har su cika tirelar da ke ciyar da kamfanonin narka ƙarfe. Sai dai tarihinmu ya nuna a nan muke tsayawa. Mun tara gyaɗa har ta yi dala a Kano, wasu suka matse mai. Mun tara fata da ƙirgi, wasu suka ɗinka jaka suka sa sunansu. In muka yi sake, ranar da wannan sana'a ta kankama, mu ne za mu yi dakon buhun dusa a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, mai tanki da mai ilimin ƙwayar su kwashe ribar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai matakin da ba ya jiran jami'ar Turai. Idan aka matse busasshiyar dusa da ƙarfi a cikin inji mai zafi, liginin ɗin da ke ciki yakan yi laushi ya manne ta, ta fito curi-curi masu tauri ba tare da an sa mata wani danƙo ba. Waɗannan curi suna ci kamar itace, kuma ana iya mai da su gawayi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin makamashi ya yi tashin gwauron zabi, gidaje da yawa sun koma gawayi, kuma kowane buhun gawayi bishiya ce da ta faɗi a wani daji. Masu gidan burodi da masu tsire da masu abincin sayarwa kasuwa ce a shirye. Ana kuma noman naman kaza irin wanda ake ci a kan dusar katako, otal-otal na saye, kuma wannan ma aikin fumfuna ne mai narka liginin. Cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi, wato FIIRO, wadda aka kafa tun 1956, ta yi aiki a kan waɗannan abubuwa biyu, kuma daga Agege zuwa can tafiyar mota ɗaya ce. Ƙungiyar da ta fara da wannan za ta koyi busarwa da aunawa da rarrabewa da riƙe alkawarin kawo kaya, kuma ita mai babbar masana'anta zai nema in ya zo, a matsayin abokiyar ciniki mai faɗa a ji. Tun da Jihar Legas ta hana amfani da robar zuba abinci ta kumfa a farkon 2024, masu neman abin da zai maye gurbinta ma ƙaruwa suke yi.

Ga hukumomi kuma, kirana shi ne a ware wa dusa wuri na musamman a Timberville da sauran wuraren yankan katako, a rufe ta daga ruwan sama, a haɗa masu ita da masu sarrafa ta. Hukumar bunƙasa fasahar halittu ta ƙasa da jami'o'inmu, ta Legas a Akoka da ta jihar a Ojo, da Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Danfodiyo, su sa kuɗi da ɗalibai a kan ƙwayoyin da ke cikin surinmu da tumbin shanunmu, su adana su da sunan ƙasar nan. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗebi halitta daga cikinta tana da haƙƙi a ribar da aka samu, amma wanda bai san abin da ya mallaka ba ba zai iya neman haƙƙinsa ba.

Kalmata ta ƙarshe ga iyaye da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni ce. A cikin kuɗin da ƙungiyoyinmu ke tarawa, a ware wani kaso domin yaran da suka nuna hazaƙa a darasin kimiyya, maza da mata, a biya musu jarrabawa, a tura su karanta ilimin ƙananan halittu da na haɗa sinadarai da injiniyancinsa, a kuma bi sawunsu har su gama. Shugabannin 'yan katako da na 'yan jari-bola su naɗa wakilai su je Oshodi su ga injin matse dusa da idonsu, su tambayi kuɗinsa da yawan abin da yake fitarwa a rana, su dawo su yi wa mambobinsu bayani. Kai kuma ɗalibi da ke saurare, gobe ka tambayi malaminka na kimiyya abin da ya sani game da liginin, ka kuma nemi sunayen masanan da na ambata ka karanta aikinsu.

Allah ya sa albarka a cikin neman halalinmu, ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani.